DARASI: ƊAN FANSHO DA HARAJIN 'YAR SANA'ARSA

Darasin wannan fitowa na dattawanmu ne waɗanda suka ajiye aikin Gwamnati suka koma gida, a Bunkure da Kura da Garun Malam da sauran garuruwan da ruwan Tiga yake ratsawa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are a 1976, ƙasar nan ba ta san zaman rani ba. Saboda haka da wuya ka sami ɗan fansho a nan wanda ya naɗe hannu. Wani yana da eka ɗaya ta shinkafa ko tumatir a bakin kanal, wani dillali ne a Kwanar Gafan yana cin la'ada, wani yana rubuta buhuna a injin casa a Kura, wani kuwa kanti ya gina ya ba da haya. To, daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, sai magana ta yi yawa a majalisa da bakin kasuwa. Wasu suka ce za a yanke fanshon wanda aka gani yana sana'a. Wasu suka ce duk kuɗin da ya shiga banki za a ɗebi haraji a ciki. Har akwai waɗanda tsoro ya sa suka daina karɓar kuɗin kayansu ta waya, suna tafe da tsaba a aljihu a kan hanyar Zariya, wanda haɗarinsa ya fi na harajin nesa ba kusa ba. Ga yadda abin yake.

Mas'ala ta fari: shin sana'a tana taɓa fansho?

Ba ta taɓa shi. Amma fa fansho iri-iri ne a ƙasar nan, kowa ya fara sanin nasa. Tsofaffin ma'aikatan Tarayya da suka bar aiki kafin ƙarshen Yuni 2007, irin tsofaffin masu buɗe ƙofar ruwa da direbobin tarakta na Hukumar Kogi, suna kan tsohon tsari, ofishin PTAD ne yake biyansu daga Abuja. Waɗanda suka bari bayan haka suna kan tsarin tara-da-kanka wanda dokar fansho ta 2004 ta kawo, aka sake ta a 2014, inda ma'aikaci yake zuba kashi 8 cikin ɗari na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, hukumar PenCom tana sa ido. Malaman firamare da ma'aikatan Ƙaramar Hukuma da na Jiha kuwa, nasu yana hannun Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta Jihar Kano, bisa dokar jiha ta 2006. A cikin ukun nan ba inda aka ce in ka sami riba a gona za a rage maka kwabo. Fansho hakkin aikin da ka riga ka yi ne, ba taimakon gajiyayyu ba ne da za a ce ai ka sami abin yi. A tsarin tara-da-kanka ma kuɗin naka ne, yana cikin asusu mai sunanka.

Wataƙila tsoron ya samo asali daga labarin ƙasashen waje, domin a can akwai inda ake yin haka. A Amurka, wanda ya fara karɓar fanshon Gwamnati kafin cikar shekarunsa, in ya ci gaba da aiki ya wuce wani haddi, ana riƙe masa dala 1 a kan kowace dala 2 da ya haura da ita. A 2025 haddin dala 23,400 ne a shekara. A Ingila kuwa fanshon Gwamnati kansa yana shiga lissafin haraji, sai dai tun 2017 sun yafe fam 1,000 na farko da mutum ya samu a ƙaramar sana'a. Mu ba haka namu yake ba.

Iyaka guda da na sani tsarin mulkin 1999 ya sa wa ɗan fansho, a cikin ka'idojin halayen ma'aikata, ita ce wannan: wanda yake karɓar fansho daga baitulmali ba zai riƙe muƙami mai albashi fiye da ɗaya ba a hukuma ko kamfanin Gwamnati. Watau in Ƙaramar Hukuma ta sake ɗaukarka aikin kwantiragi, ka ci fanshonka ka ci albashin nan guda, ba laifi, amma ba za ka haɗa biyu ko uku ba. Wannan bai shafi aikin ɗan kasuwa ko kamfanin wani attajiri ba. Kuma waɗannan ka'idoji su ne dā suka hana ma'aikaci kasuwanci yana bakin aiki, in ban da noma. Ranar da ka ajiye aiki wannan takunkumi ya fita.

Abin da yake tsayar da fanshon mutane a zahiri shi ne rashin zuwa tantancewa. Lokacin dashe ko lokacin yankan shinkafa dattijo sai ya shagala, a yi kira bai ji ba, a wayi gari an cire sunansa, ya yi wata da watanni yana sintiri kafin a mayar. Kai dai ka sa yaro ya riƙa sauraron sanarwa.

Mas'ala ta biyu: me ake biya wa haraji, me aka yafe?

Fansho da garatuti ba haraji a kansu. Dokar fansho ta 2014 ta faɗi haka a sashe na 10, sabuwar dokar haraji kuma ta sake tabbatar da shi. Ko nawa ne fanshonka, ajiye shi gefe, ba ya shiga lissafi sam. Haka kuɗin da ɗanka ya aiko maka daga Ikko ko Fatakwal don cefane, kyauta ce. Bashin da ka ciyo don sayen taki ba samu ba ne, kwasar adashi kuwa kuɗinka ne ya dawo maka. Shi ya sa zancen nan na cewa banki zai yanki haraji a duk abin da ya shigo ba shi da tushe. Abin da ake cira dai Naira 50 ne, kuɗin hatimi, a kan aiken da ya kai Naira 10,000, kuma daga 2026 mai aikawa ne yake biya.

Abin da doka take nema shi ne riba: ribar noma, ribar saye da sayarwa, la'adar dillanci, kuɗin hayar kanti ko gona, da albashin sabon aiki. Tsufa ba ya yafe wannan. Wasu sun ji an ce an ɗauke wa noma haraji shekara 5, gaskiya ne, amma kamfanin noma mai rajista ake nufi, daga ranar da ya fara aiki, ba manomi shi kaɗai da gonarsa ba.

To amma sauƙin yana nan. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a karɓar komai a kai. Abin da ya hau daga nan zuwa Naira miliyan 3 shi ake ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. Daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga wanda ya wuce miliyan 50, waɗannan kuwa ba su ne abokan zancenmu yau ba. Ku lura da kyau, kashi 15 ɗin a kan rarar da ta haura 800,000 ne kawai, ba a kan dukkan kuɗin ba. Kuma 800,000 ɗin sau ɗaya ake ba mutum a shekara, a haɗa duk hanyoyin samunsa wuri guda. Ba a ce gona 800,000, dillanci 800,000 ba.

Mu buga misali, alƙaluman na koyo ne, farashin gaskiya yana shafinsa. A ce tsohon ma'aikacin Hukumar Kogi ne a Bunkure, fanshonsa Naira 45,000 a wata, watau 540,000 a shekara. Mun ajiye wannan. Da rani ya yi tumatir, da damina ya yi shinkafa, duka ya sayar na Naira 1,900,000. Ya kashe 1,150,000 a iri da taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago da kuɗin ruwa da kwanduna da kuɗin mota. Ribar gona ta zama 750,000. In da iyakar samunsa ke nan, ba ya biyan ko sisi, domin bai kai 800,000 ba. To amma ya ci la'adar 200,000 a dillancin albasa, ga kuma hayar kanti 150,000. Jimla 1,100,000. A cire 800,000, saura 300,000. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 45,000 a shekara, kwatankwacin fanshonsa na wata guda.

In gidan haya yake zaune, doka ta ba shi ragin kashi 20 cikin ɗari na hayar da yake biya, muddin ragin bai wuce 500,000 ba. Mai biyan hayar 200,000 a shekara za a sauke masa 40,000, sai abin ya koma 260,000, harajin ya zama 39,000. Galibin dattawanmu a nan gidajensu na gado ne ko na kansu, saboda haka wannan ragi bai cika iske su ba, ya fi amfanar na birni.

Don a ga bambanci, a tsohuwar dokar da ta yi aiki har ƙarshen 2025, ana fara cire Naira 200,000 da kashi 20 na samun mutum, sa'an nan a ɗauki kashi 7 a 300,000 na farko, kashi 11 a na biyu, kashi 15 a 500,000 na gaba. Mutumin nan namu mai 1,100,000 da 66,000 zai biya. Mai ribar 750,000 kuwa da 32,000 ne a kansa, yanzu ba komai. Watau ga ƙaramin mai samu sabuwar doka sauƙi ta kawo. Abin da ya canja shi ne yanzu an fi sa ido, dā kuwa doka tana nan a takarda amma ba mai bi ta kan ɗan ƙauye.

Wanda ya koma aikin albashi, kamar gadi ko riƙe littafi a injin casa, in albashinsa bai wuce mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa ba, wanda aka sa Naira 70,000 a wata a 2024, ba a yankar masa haraji. In ya wuce, mai injin ne doka ta ɗora wa yankewa kowane wata ya kai wa hukuma. Ka tambaye shi shaida, kada a yanka maka a bar shi a aljihun wani.

Ciniki daban, riba daban

Nan ne gizo yake saƙar, nan kuma nake so a daɗe. Ɗan tumatir kuɗi masu yawa suna ratsa hannunsa, kaɗan ne nasa. Jami'in haraji kuwa abin da ya gani shi ya sani. In ya ga an sayar da kayan 1,900,000, kai kuma ba ka da takarda ko ɗaya da za ta nuna abin da ka kashe, doka ta ba shi ikon ya ƙiyasta maka da ganin idonsa. A misalinmu na ɗazu, in aka ƙi karɓar kashe-kashen gonar, jimla ta koma 2,250,000, rara 1,450,000, haraji 217,500. Dubi tsakanin 45,000 da 217,500. Littafin Naira ɗari biyar ne ya raba su.

Saboda haka ka sayi littafi irin na 'yan makaranta, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, kowanne da kwanan wata. Ka rubuta da ajami in shi ne hannunka ya saba, ranar da ake bukata jikanka ya juya shi boko. Abin nema dai a rubuta shi a ranar da aka yi, kada a bari sai ƙarshen shekara a zauna ana tuna-tuna. Rasidin taki, rasidin kuɗin ruwa da ka biya ta hannun ƙungiyar masu amfani da ruwa, takardar kuɗin kasuwa, duk a soke su a ƙusa ɗaya. 'Yan ƙwadago ba su ba da rasidi, to ka rubuta mutum nawa, kwana nawa, aikin me. Amma kada ka cusa cefanen gida da kuɗin bikin 'yarka a cikin kashe-kashen gona, doka ba ta karɓar wannan, kuma in aka kama ƙarya guda a littafi sauran gaskiyar ma ta zama abin zargi.

Dillalai sun fi kowa bukatar wannan. Dillali yakan karɓi kuɗin mota guda ta tumatir daga baƙon Kudu a asusunsa, ya raba wa manoma goma, nasa la'ada ce kawai. Wanda ya dubi asusun sai ya ɗauka attajiri ne. In da hali, a ware asusun fansho daban, na harka daban, kuma duk kuɗin mutane da ya ratsa a rubuta na wane ne, yaushe aka miƙa masa.

Littafin nan yana da wani amfani a shekarar asara. Ba mu manta 2016 ba, da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye tumatir daga Kadawa har Kura, ta sake dawowa a 2023. Ba mu manta shekarun da kaya kan yi yawa a Kwanar Gafan har kwando ya kasa biyan kuɗin motarsa ba. Wanda ya faɗi ba haraji a kansa, har ma doka ta yarda a ɗauki asarar a cire ta daga ribar wannan sana'a a shekara mai zuwa. Amma asarar da ba a rubuta ba, ba a kuma sanar ba, ta bi ruwa.

Wa ake biya, kuma yaushe?

Harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne. Mazaunin Bunkure, ko da Tarayya ya yi wa aiki, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano ce tasa, ba hukumar Abuja ba. Lambar katin ɗan ƙasa ita ce yanzu take zama lambar harajin mutum. Ana cika takardar bayanin samun shekara kafin 31 ga Maris na shekarar da ta biyo, watau samun 2026 a bayyana shi kafin ƙarshen Maris 2027. Mai sana'a ya cika ko da lissafinsa ya nuna ba a binsa komai, domin tarar ƙin cikawa a sabuwar doka Naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 kowane wata bayansa. A ganina wannan tara ta yi wa ƙaramin manomi nauyi ƙwarai, ta fi harajin da ake nema a wurinsa, kuma ya kamata hukuma ta fara zagayen wayar da kai ta hannun dagatai da masu unguwa kafin ta fara cin tarar kowa. Amma doka ke nan yadda take a rubuce.

In an kawo maka takardar ƙiyasi ka ga an zalunce ka, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin yarda, ka haɗa da shaidarka. In ka yi shiru kwanakin suka wuce, ƙiyasin ya zauna. Bayan wannan akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ta shiyyarmu tana Kaduna, sabuwar doka kuma ta kafa ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji. Kada ka ba kowa tsaba a hannu a bakin gona da sunan harajin samu. A biya ta banki a karɓi rasidin Gwamnati.

Mai hulɗa da kamfani ya san wani abu kuma. Bisa ka'idar da ta fara aiki a Janairu 2025, kamfani yakan riƙe kashi 5 cikin ɗari na la'ada, kashi 10 na kuɗin haya, kashi 2 na kayan da ɗan tsakiya ya kawo masa, ya kai wa hukuma da sunanka. Wanda ya noma kayan da kansa ba a riƙe masa wannan kashi 2 ɗin. Wanda ba shi da lambar haraji kuwa ninki biyu ake riƙe masa a kan la'ada da kaya. Abin da aka riƙe kamar kafin alƙalami ne, za a cire shi daga harajinka na ƙarshen shekara, amma sai ka karɓi takardar shaida daga kamfanin.

Kada a haɗa wannan da kuɗin kasuwa da na rumfa da na tasha, waɗanda na Ƙaramar Hukuma ne, ana biyansu ko an ci riba ko ba a ci ba. Kuɗin ruwa shi ma ba haraji ba ne, ladan gyaran kanal ne. Zakka kuwa hakki ne daban, biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya: shinkafa da alkama da masara in sun kai nisabi ana fitar da ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa, tumatir da albasa kuwa a mazhabar Malikiyya ba a fitar musu da zakkar amfanin gona. Hukuncin ruwan kanal da ake biya wa kuɗi, a tambayi malamin gari.

Dattawa da yawa kalmar haraji kanta ce take tayar musu da hankali, kuma suna da dalili. Kakanninmu sun biya kuɗin ƙasa, masu lambu suka biya kuɗin rafi, marinan Kura suka biya kuɗin karofi tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Waɗanda suke karɓar fansho yau sun ga zamanin da ake bin mutum gida-gida, mai shi da marar shi kuɗi ɗaya, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Wancan a kan kai ake ɗora shi. Na yanzu a kan riba ne, wanda bai samu ba ba a binsa.

Saura tambihi biyu. Wanda yake so ya riƙa zuba ribar sana'arsa a asusun fansho don gaba, ana iya yi, tun Maris 2019 ma aka buɗe tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Amma kuɗin ganin-dama da aka zuba, in aka cire shi kafin shekara 5, ana ɗaukar haraji a kan ribar da ya haifa. Na biyu, sayar da gona. Filin da yake shan ruwan kanal ya yi tsada yanzu, kuma daga 2026 ribar sayar da fili tana shiga cikin samun mutum na wannan shekara, maimakon kashi 10 da ake ɗauka dā. Wanda ya sayi eka da arha shekaru talatin da suka wuce, in ya sayar yau, rarar za ta iya tura shi matakin kashi 18 ko sama. Kafin a shafa fatihar ciniki, a nemo takardar sayen farko da shaidar duk abin da aka kashe wajen gyaran filin, domin su ake cirewa kafin a lissafa riba.